Ranar da na ƙirga gadajen makarantarmu

Ni mutumin Adar ne, an haife ni a wani ƙaramin ƙauye da ke tsakanin Tawa da Keita, inda dutse ya fi ƙasar noma yawa, kuma inda namijin da ya kai ƙarfi ba ya zama gida da rani. Na yi shekara talatin da shida ina koyar da lissafi, mafi yawansu a Yamai, kuma yanzu da na ajiye alli ina so in ba da shaidar abin da na gani da idona game da wata babbar makarantar gwamnati ta wannan birni, wadda ta raine ni ina ɗalibi, na dawo cikinta ina malami, aka kuma rufe ɓangarenta na kwana a gabana, har da sa hannuna a kan takarda. Ba zan kama sunanta ba, domin har gobe akwai malamai a cikinta da suke fama da azuzuwan da suka cika suka batse, kuma ba na son laifin da ba nasu ba ya hau kansu saboda maganata.

Ba da son iyayena na shiga lakwal ba. A 1968 wani mushe, wato malamin boko, ya zo ƙauyenmu tare da dogarin sarki domin rubuta yara, kuma a wancan zamani masu hali sukan ɓoye ƴaƴansu a rumbu ko su tura su daji wajen makiyaya har a gama rubutu, sai a cike gurbi da ƴaƴan waɗanda ba su da mai tsaya musu. Ina cikin waɗanda aka cike gurbi da su. Innata ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa, mahaifina kuwa bai ce uffan ba, illa dai ya daina sa ni cikin hannuwan da za su yi masa noma. Na zauna jarrabawar shiga kwaleji a 1974, shekarar da yunwa ta ci ƙasa bayan fari mai tsanani, kuma a ranar 15 ga Afrilu ta shekarar soja suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, Saini Kunce ya hau. Mu yara abin da muka sani a lokacin shi ne jar dawar taimako da ake rabawa da kwano, da gawawwakin shanu a bakin rijiya.

Na yi shekara huɗu a kwaleji a Tawa ina zaune gidan kawuna, ƙanen innata, mai sayar da fatu a kasuwa. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, bai taɓa hana ni abinci ba, amma a gidansa na fara sanin karatu a hannun wani: jan ruwa kafin gari ya waye, aike bayan magariba, da fitilar ƙwai guda ɗaya wadda ba ka da bakin roƙon a bar maka ita idan uwargida tana bukata. Wannan kuwa gidan dangi ne na jini. A 1978 na ci jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, takarda ta fito an tura ni lise, wato makarantar da ke gaba da kwaleji, a Yamai, ajin lissafi da kimiyya, a matsayin ɗan kwana.

A tashar Tawa mahaifina, wanda ya sayar da awaki biyu ya saya mini akwatin ƙarfe da takalma, ya riƙe hannuna ya ce: "Yaro, wa ka sani a Yamai? Wa zai ba ka tuwo?" Na ce: "Baba, gwamnati ce za ta ciyar da mu." Ya girgiza kai, domin shi a iya saninsa gwamnati karɓa take yi, bai ga ta bayar ba sai a shekarar yunwa, sannan ya ƙulle mini jika guda a gefen riga ya ce kada in kwance sai na ga uwar bari. Muka bi ta Kwanni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 500, muka iso bayan isha'i. Sirbeyan, wato mai kula da ɗalibai, wanda ya karɓe mu ya duba sunana a rajista, ya kai ni wani dogon ɗaki mai gadajen ƙarfe jere biyu, ya nuna mini lambar da aka rubuta da baƙin fenti a bango, 137, ya miƙo mini zanen gado biyu da bargo da gidan sauro da sandar sabulu, ya ce: "Nan ne wurinka har ka gama." Na daɗe zaune a bakin gadon ina shafa katifar da tafin hannu, domin ina da shekara goma sha bakwai a duniya kuma ban taɓa samun wurin kwanciya da aka ce nawa ne ni kaɗai ba. Jikar mahaifina kuwa ban kwance ta ba sai da na koma hutun damina na mayar masa da ita yadda ya ba ni.

Makarantar tana cikin waɗanda ƙasa ta jingina da su bayan samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Turawan Faransa sun tafi sun bar Nijar da masu ilimin boko ƙalilan, har manyan farko irin su Bubu Hama da Jori Hamani sai da suka je makarantar William Ponty a Senegal kafin su zama malamai. Ƙasar tana da faɗin da ya wuce murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, yaran da suka ci jarrabawa suna warwatse daga bakin tafkin Chadi har iyakar Mali, manyan makarantu kuwa ana ƙirga su da yatsu, saboda haka babu yadda za a yi a samu likitoci da injiniyoyi da alƙalai sai an tattaro yaran wuri ɗaya an ba su gado da abinci. Malamanmu sun haɗa da Faransawa, da ƴan Benin da Togo da Gine, da Amurkawa ƴan sa-kai masu koyar da Ingilishi, da ƴan ƙasa da suka fara yawa tun da aka buɗe jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970.

Ƙararrawarmu ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen dogon yaro, ana buga shi da guntun rodi. Ita ke tashe mu da asuba, ita ke kiranmu ga burodi da kafe mai madara, ita ke kai mu aji, ita kuma ke tara mu da dare a etid, inda ake zama awa biyu ƙarƙashin hasken lantarki ba ka jin motsin komai sai na takarda da tarin sirbeyan. Da rana shinkafa ce da miya ko wake da shinkafa, da dare tuwo ko makaroni, kuma nama yana zuwa a ranakun da kowa ya haddace. Shugaban masu dafuwa wani dattijo ne Bazabarme da ya taɓa yin aikin girki a barikin soja, kowa Baba yake ce masa. Yana tsaye a bakin manyan tukwane da ludayi mai tsawon kamu biyu, yana duban fuskar kowane yaro kafin ya zuba, kuma idan ya ga sabon zuwa daga ƙauye da wuya kamar na zalɓe sai ya ƙara masa rabin ludayi ya ce cikin Hausarsa ta Zabarmawa: "Ci, ɗana, karatu ba ya shiga cikin wofi." Ni ya yi mini wannan ƙarin har tsawon wata uku.

Ba aljanna ba ce, kuma ba zan ce ita ce ba. Manyan ɗalibai suna gallaza wa sababbi a makonnin farko, wake yakan zo da ƙwari, mun yi bore a kan abinci fiye da sau ɗaya ƙarƙashin ƙungiyar ɗalibai ta USN, kuma mulkin Kunce ba mai ɗaukar raini ba ne, wanda ya ja gaba a yajin karatu ya san abin da ke jiransa. Sai dai a ɗakin kwananmu wanda ke damana Babarbare ne daga Difa, na haguna Buzu ne daga Agadas, na gabana ɗan wani babban ma'aikaci ne da aka canja wa ubansa wurin aiki, kuma dukkanmu faranti iri ɗaya muke riƙewa a layi ɗaya. A wannan ɗaki na koyi Zabarmanci, na koya wa wasu Hausa, kuma a nan na fara jin cewa Nijar abu ne da ya shafe ni, domin kafin nan duniyata ta tsaya ne tsakanin ƙauyenmu da kasuwar Tawa.

Kuɗin da ke riƙe da wannan duka na yuraniyom ne. Ƙarshen shekarun 1970 farashinsa yana sama, ma'adinan Arlit da Akokan suna aiki, ana shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, manyan gine-gine suna tashi a bakin kogi. Da shekarun 1980 suka kama sai farashin ya faɗi, bashin da aka ci a lokacin yalwa ya taso, gobara ta cinye Babbar Kasuwar Yamai a 1982, sannan ga farin 1984, wanda mutanenmu suka raɗa wa yunwarsa suna El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Janar Buhari ya yi. Na ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, a 1981, na haye gadar Kennedy na yi karatuna a jami'a, kuma da na gama aka tura ni aikin bautar ƙasa a makarantar da na fito. A lokacin gwamnati ta riga ta shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, kalmar da ke bakin kowane ma'aikaci kuwa ita ce tsuke bakin aljihu.

Maganar rufe ɓangaren kwana ta daɗe tana yawo a matsayin jita-jita kafin shugaban makaranta ya tara mu a ɗakin malamai ya karanta mana takardar da ta zo daga sama. Za a daina kwana da ciyarwa, za a riƙa ba ɗaliban da suka zo daga nesa kuɗin alokasiyo, kowa ya nemi mai masauki a gari. Adalci ne in faɗi cewa masu wannan shawara suna da hujja. A lokacin ko kashi ɗaya cikin uku na yaran ƙasar ba su shiga lakwal, kuma abin da ake kashewa a kan ɗan kwana guda zai iya zaunar da yara da yawa a firamare. An kuma ce ana satar kayan abinci tsakanin sito da tukunya, kuma wannan ma ba ƙarya ba ce. Abin da na ƙi yarda da shi tun ranar, har yau kuma ban sauya ba, shi ne a ce yaron da aka sha wahala aka kai shi ƙarshen kwaleji daga ƙauye marar rijiyar kirki a sake shi a tsakiyar Yamai da ƴan kuɗi a hannu a ce an sallame shi. Masu rubuta takardar suna da gidaje a birni, ƴaƴansu da ma ba a makaranta suke kwana ba. Na faɗi kaɗan daga cikin wannan a taron, murya tana rawa, wani babban malami ya taɓa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, an riga an gama magana a inda ba a tambaye mu ba.

Da yake ni ne ƙarami cikin malamai, kuma malamin lissafi, sai aka ɗora mini ƙirgar kayan da za a mayar wa gwamnati. Bayan ɗalibai sun tafi hutun damina na shiga ɗakunan kwana da rajista a hannu, ni da magatakardan ma'aji da leburori biyu. Kwana uku muka yi muna aikin. Leburori suna ɗaga katifa su jefa a tsakar gida, ni ina rubuta gado, mai kyau ko karyayye, kuma ƙarƙashin katifun muka riƙa samun abin da yara suka bari: laya, guntun madubi, ƙa'idojin lissafi da aka kankare a jikin ƙarfe da ƙusa. A ƙarƙashin wata katifa na tsinci wasiƙa da ajami, an ninke ta har ta fara yagewa a kan ninkin, daga wani uba zuwa ga ɗansa. Bayan gaisuwa da addu'a ya rubuta masa cewa gero ya ƙare a rumbu tun kafin azumi, saboda haka idan an ba da ƙaramin hutu kada ya zo gida, ya roƙi a bar shi a inda ake ba shi abinci. Na karanta ta a tsaye, na sa ta a aljihu, na ci gaba da ƙirga. Da muka zo lamba 137 na rubuta "mai kyau", domin gadon bai yi komai ba.

Rana ta uku muka shiga madafa. Baba yana zaune a kan turmi da aka kife, ya wanke tukwanen duka ya jera su a rana kamar gobe za a ɗora. Da ya gan ni da rajista sai ya miƙe ya ce: "Mushe, rubuta da kyau. Manyan tukwane shida, ɗaya tana yoyo a gindi." Na ce: "Baba, kada ka ce mini Mushe, ni ɗanka ne, kai ka ciyar da ni." Ya ce: "Na sani. Amma yau kai ne mai alƙalami." Muka ƙirga faranti da cokula da ludaya, yana miƙo kowane abu da hannu biyu. Da muka gama ya tambaye ni: "Yaran ƙauye fa, ina za su ci?" Na yi masa bayanin alokasiyo yadda aka yi mana. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya ce: "Ɗana, kuɗi ba ya dafa kansa." Da la'asar kamyo ya zo aka loda tukwanen, na sa hannu a ƙasan takarda, ma'aji ya buga hatimi. Baba ya koma garinsu a yankin Doso, kuma labarin rasuwarsa ne kawai ya iso mini bayan wasu shekaru.

Ƙofar makaranta ba ta rufe ba, an ci gaba da buga ƙararrawa, kuma wanda ya wuce ta titi ba zai ga wani sauyi ba. A cikin aji ne muka gani. Akwai wani yaro daga ƙasar Buza da ya zo mini shekara biyu bayan haka, wanda a duk tsawon aikina ban koyar da mai kaifin kai a lissafi kamarsa ba. Yakan warware matsala ta hanyar da ba ta cikin littafi, sai na koma gida na zauna na tabbatar da cewa daidai ce. An sauke shi wurin wani mutumin garinsu mai gadi a unguwar Bukoki, wanda shi kansa ɗaki ɗaya ne da shi da mata da ƴaƴa, saboda haka yaron a zaure yake kwana a kan kwali. Alokasiyo yakan yi watanni bai fito ba, idan ya fito kuma rabinsa na mai masauki ne. Ranar Lahadi yana dako a kasuwar Katako, da dare yana karatu a gindin fitilar titi tare da wasu irinsa, kowa da kayensa a kan gwiwa, sauro yana cinsu. Ni ban san wannan ba ranar da na same shi yana barci a kan tebur na daka masa tsawa a gaban ƴan ajinsu, na ce masa idan barci ya zo yi ya koma ƙauye. Ya miƙe tsaye ya ce: "Ka yi haƙuri, Mushe." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Wani abokinsa ne ya biyo ni bayan an tashi ya gaya mini cewa tun jiya da rana bai sa komai a bakinsa ba.

Na je Bukoki na ga zauren da idona. Na riƙa ba shi abin karin kumallo, na ara masa littattafaina, amma ban ɗauke shi zuwa gidana ba. Ina sabon aure, ɗaki biyu nake haya, ƙanena yana tare da ni, kuma na gaya wa kaina cewa babu wuri. Akwai wuri, domin tabarma ɗaya ce take bukata. Ana saura wata huɗu a yi bak ya same ni a bakin ɗakin malamai da littafina a hannu, ya rufe masa bango da takardar siminti don kada ya lalace, ya ce: "Mushe, ga littafinka, na gode. Mahaifina ya kwanta ciwo, mai masaukina kuma an sallame shi daga aiki. Zan tafi biɗa." Na roƙe shi ya jure wata huɗun, a lokacin ne ma na ce ya dawo gidana, ya sunkuyar da kai ya ce ya riga ya karɓi kuɗin mota a hannun wani ɗan garinsu da ke Abijan. Ƴan mata kuwa ba su ma kai ga irin wannan ba, domin uban da zai yarda ya bar ɗiyarsa a ɗakin kwana mai katanga da mai tsaro ba zai yarda ya kai ta gidan wanda bai sani ba a birni. Sunayensu sukan fito a takardar waɗanda aka turo mana, mu kira su mako biyu a rajista ba mai amsawa, sannan mu ja layi.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, a zamanin Ali Shaibu, ɗalibai suka taso daga jami'a suna zanga-zangar ƙin matakan tsuke aljihu a fannin ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Aka yi babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, muka sa rai, sai ga albashi yana makalewa watanni, ga karya darajar sefa a Janairun 1994 wadda ta raba kuɗin hannunmu biyu a dare ɗaya. Idan malamai sun koma ɗalibai sun fita, idan ɗalibai sun koma malamai sun fita, har muka san abin da ake kira shekara fara, wato shekarar da ake sokewa gaba ɗaya kamar ba a yi ta ba. A irin wannan shekara na ga makarantar a rufe da kwaɗo, ciyawa ta kai gwiwa a filin ƙwallo, awakin unguwa suna kwana a baranda. Masu hali suka kwashe ƴaƴansu zuwa makarantun kuɗi, mu malamai kuma muka bi su can da yamma domin mu ciyar da iyalanmu, ni ma na yi, kuma na san cewa ƙarfin da na kai can daga ajin safe na rage shi. Ɗakunan kwana aka yanka su da bulo aka mai da su azuzuwa, madafa ta zama wurin tara karyayyun tebura.

Ba zan musa ba cewa yau makarantu sun yawaita, akwai kwaleji a garuruwan da a zamaninmu ko firamare babu, akwai lise a manyan garuruwan jihohi. Amma yaron da ƙauyensu ke nesa da garin da lise take har yanzu tambayar mahaifina ce ke gabansa, kuma da shugaban ƙasa na lokacin, Bazum, ya sa gina gidajen kwana na ƴan mata cikin manyan alkawuransa a 2021 na ji kamar ana karanta mini abin da ke cikin waccan wasiƙa ta ajami, wadda har yau tana cikin akwatin ƙarfena.

Bayan shekara ashirin da wani abu da rufe ɓangaren kwana, wata safiya aka yi sallama a ƙofar gidana a Lazare. Wani mutum ne mai furfura a gemu, da yarinya a bayansa riƙe da ƙullin kaya. Ban gane shi ba sai da ya ce: "Mushe, ni ne mai barci a aji." Ya yi shekaru yana tura baro da sayar da goro a Abijan, rikicin ƙasar ya koro shi gida, ya koma noman albasa. Ɗiyarsa ta ci BEPC, an tura ta garin da ba shi da kowa, shi ne ya yi ta zirga-zirga har aka maido takardunta Yamai. Ya ce: "Ga ɗiyarka na kawo maka. Kanta irin nawa ne, ba na son ta tsaya inda na tsaya." Na kira maiɗakina, ta kama hannun yarinyar ta shiga da ita ciki. Na so in roƙe shi gafarar tsawar da na yi masa da tabarmar da ban shimfiɗa masa ba, ya tare ni ya ce shi alheri kawai yake tunawa, ya ƙi ko zama ya ci abinci domin motar Tawa za ta tashi.

A tsohuwar makarantarmu aka ba ta wuri. Ranar da na je taron iyaye na tarar ajinsu ɗaya ne daga cikin ɗakunan kwanan da aka yanka, su fiye da tamanin a ciki, uku uku a kan benci, kuma a bango ƙarƙashin farar ƙasa ana iya ganin inuwar lambobin gadaje. Ta ci bak a zama ɗaya, ta karanta aikin ungozoma, yanzu tana aiki a wani asibitin karkara a jihar Tawa. Tun daga kanta ɗakin da ke bayan gidana bai sake zama babu kowa ba, yara bakwai suka bi ta cikinsa, a yanzu ma akwai uku, kuma kuɗin fansho ba ya ɗaukar fiye da haka. Makon jiya wani ɗan ƙanen mahaifina ya kira ni daga ƙauye, ya ce ƴan biyunsa sun ci jarrabawa, mace da namiji, kuma ba shi da kowa a birni sai ni. Na ce masa ya ba ni kwana biyu in tambayi maƙwabta.